Darussan Malam Bitrus da Suka Tsufa a Gafakata

Shekara ashirin ba ɗaya ke nan da rasuwar Malam Bitrus. Lissafin ba ya ɓace mini, domin ya rasu ne a daminar shekarar da aka yi ƙidayar jama'a, wadda 'yan kwanaki bayanta rana ta yi husufi da hantsi. Wanda ya yi wayo a lokacin zai tuna yadda hasken gari ya dusashe, kaji suka rikice, muka tashi muka yi salla. Da na dawo daga masallaci sai na tarar da shi zaune a kan benci a ƙofar gidan da yake haya, a layinmu na Ƙofar Ran. Ciwon sukari ya riga ya tafi da ganinsa. Ya ce, "Alaramma, zauna ka gaya mini yadda ta yi. Shekara talatin ina zana wa yara wannan abu a allo, ranar da ya zo kuma ba ni da idon kallo." Na zauna ina kwatanta masa iyakar iyawata, shi kuma yana gyara mini.

Ni ba alaramma ba ne, tsokanarsa ce kawai. Sana'ata rubutun ajami: ina kwafar littattafai, ina rubuta wa mutane wasiƙu tun zamanin da ake rubuta su. Shi kuwa malamin kimiyya ne a sakandare, Kirista, mutumin kudancin jihar nan, daga wani ƙauye a gindin duwatsu. Shekara ashirin da 'yan kai muna maƙwabtaka. Ranar sallar layya nama yana shiga gidansa, ranar Kirsimeti shinkafa tana shigowa nawa, kuma kaza ko akuyar da zai dafa, ni yake kira in yanka domin mu iya ci tare.

Tawada ce ta haɗa mu. Tawadar takarda daban take da ta allo. Bagaruwa muke jiƙawa, mu zuba kashin maƙera, wato dattin ƙarfen da ake bari a maƙera, mu sa ɗan ƙaro. Idan ka ja alƙalami da ita sai ta fito fari-fari kamar ruwan shayin da bai ji ganye ba, bayan ɗan lokaci ta yi baƙi ƙirin. Wata rana da la'asar ya tsaya a kaina yana kallo, ya tambaye ni wa ya baƙanta ta. Na ce haka Allah ya yi ta. Ya ce, "Na yarda, amma da me ya yi ta?" Na ce ya gaya mini. Ya ce iska ce. A cikin iskar da muke shaƙa akwai wani sashe da suke kira oksijin, shi ne yake kama ƙarfen da ke cikin tawadar ya juya mata launi. Shi ne yake sa goro ya canza fuska idan an ɓare shi an ajiye, shi ne tsatsar da ke cin kwanon rufi, shi ne yake sa man gyaɗa ya sauya wari idan ya daɗe a buɗe. Sai ya miƙa yatsa wajen gemuna, wanda a lokacin furfura ta fara tsiro masa, ya ce, "Har wannan, da hannunsa a ciki."

Ya ɗauki makonni yana warware mini zancen, domin ni ba mai saurin karɓa ba ne. Abin da na riƙe shi ne, jikin mutum kamar murhu yake: abinci ne itacen, iskar nan ce take hura wutar, ƙarfin da muke tafiya da shi ne zafin. Amma babu murhun da ba ya tartsatsi. Cikin wannan aiki wasu ƙananan ƙwayoyi sukan kuɓuce ba su cika ba, masana suna ce musu firi radikal, shi kuma ya raɗa musu suna masu warin takalmi. Ya ce in dubi ƙofar masallacinmu ranar Juma'a. Mutum ya fito ya tarar da warin takalminsa babu, ba zai tafi gida da ƙafa ɗaya a ƙasa ba, sai ya zura na kusa da shi. Mai wannan takalmin ya fito, shi ma ya zura na wani. Kafin la'asar rabin unguwa tana ɗingishi. Na ce a masallacinmu ba a haka. Ya ce, "To silifa nawa ka canza bana?" Haka waɗannan ƙwayoyi suke fizgar abin da suka rasa daga jikin fata, da jijiya, da ido, kowanne ya fizga daga na gaba. Rigimar ba ta tsayawa sai an sami wani dattijo mai takalmi fiye da buƙatarsa, ya miƙa wari ɗaya ya ce a tafi lafiya. Irin waɗannan dattawa jiki yana yin nasa, wasu kuma suna shigowa ta zogale, da gwaiba, da yakuwa, da tumatir. Sai dai ba sa kama kowa. Abin da ya wuce su yana taruwa kaɗan-kaɗan, shekara bisa shekara, kuma a ganinsa wannan tarin yana cikin abin da muke kira tsufa.

Na ji nauyin maganar a farko. Numfashi ni'ima ce da muke gode wa Allah a kanta dare da rana, ga wani yana ce mini ita ce take cinye mu. Na ce masa tsufa da mutuwa ajali ne, rubutacce. Bai yi gardama ba. Ya ce, "Ni ban ce na san yaushe ba. Yadda abin yake tafiya kawai nake nuna maka. Wanda ya rubuta ajalin ai bai rasa alƙalamin rubutawa ba." Na kwana biyu ina juya wannan, na ga babu inda ta ci karo da abin da na karanta. Daga baya ma na ga wata hikima a ciki, cewa abin da ya raya bawa da abin da zai ƙarar da shi suna shiga ta hanci ɗaya, don kada ya manta matafiyi ne.

Da idonsa ya tafi, abu ɗaya ya dame shi. Yana da 'ya guda, Hannatu, shekararta goma sha huɗu a lokacin, tana makarantar kwana, kuma ta ɗauko son kimiyya daga wajensa. Ya san ba zai kai lokacin da za ta isa fahimtar waɗannan abubuwa ba. Ya roƙe ni in riƙa zama yana faɗa ina rubutawa, domin ta samu daga bakinsa ba daga bakin littafi ba. Matarsa ba ta yi nisa a karatu ba, abokan aikinsa kuma kowa da hidimarsa. Na ce bokona rarrafe yake yi. Ya ce in rubuta da ajamina, daga baya in juya mata shi, ko in zaunar da ita in karanta mata. Na ɗauki alkawari. Kullum bayan la'asar muka riƙa zama, har muka cika warƙa arba'in da ɗaya. Takarda mai kyau ta yanke mini, sai na yi amfani da irin ta 'yan makaranta, ina cewa ai na ɗan lokaci ne.

A nan ne na yi kuskuren da nake so mai karatu ya sani, domin nawa ne, ba na kowa ba. Hannun da ya saba ba ya fara warƙa sai da bisimilla, don haka kowace warƙa da ita na buɗe ta, ban ko lura ba. Da muka gama kuma na tattara su na zuba a gafaka, jakar fatar da muke ajiye Alƙur'ani da littattafan addini, domin ban san wani wurin ajiye rubutu mai daraja ba. Ranar da ya rasu, 'yan uwansa suka zo daga ƙauye za su tafi da gawar. Babbansu shi ne yayansa, Baba Yohanna, dattijo a cocinsu. Ni kuwa, da zafin rashi da son sauke nauyi, na ɗauki gafakar na shiga cikin taron, na buɗe ta a gabansa, na ce wannan wasiyyar marigayi ce, ni na rubuta daga bakinsa.

Baba Yohanna ba ya karanta ajami, amma babu wanda ya girma a ƙasar nan da bai san siffar bisimilla ba. Ya dubi warƙar farko, ya dubi ta biyu, ya rufe gafakar a hankali. Ya ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Malam, don girman Allah ka koma da wannan. Ƙanena za mu kai gida mu kwantar kusa da ubanmu. Kada ka sa a yi jayayya a kan gawa." Sai a lokacin na gane abin da ya gani: malamin Musulmi, da rubutun Larabci, da jakar Alƙur'ani, da kalmar wasiyya. Ya zaci takardar shaida ce cewa ƙanensa ya sauya addini a ƙarshen rayuwarsa. Jimla ɗaya ta isa ta warware wannan. Amma zuciyata ta hau, ina ganin an zarge ni da lallaɓar makaho in raba shi da addininsa a ɓoye. Na karɓi gafakata, na juya, ko motar gawar ban raka ba.

Bayan sati biyu matarsa ta kwashe kaya ta koma ƙauye. Na ce idan an yi arba'in zan bi su. Na ce idan damina ta wuce. Na ce idan yarinyar ta gama makaranta. Mai ɗakina, Ladi, takan tuna mini lokaci-lokaci. Ta ce, "Malam, fushinka da Yohanna ne. Ita yarinyar me ta yi maka?" Sai in ce ina sane. Daga baya fushin ya wuce, kunya ta maye gurbinsa, ita kuma ta fi shi nauyi, domin duk shekarar da ta ƙaru sai zuwan ya ƙara wuya.

Cikin waɗannan shekaru na sha tambayar kaina abin da Malam Bitrus zai ce da ya ga Bauchin yau. Motoci masu lasifika suna zagaya kasuwa suna tallar ƙwayar da za ta mayar da tsoho yaro. A waya ma haka, har jikokina suna nuna mini. Sa'o'ina suna shafa wa gemu baƙi, suna haɗiyar kafso mai tsada, sannan su tsaya a bakin titi su ci suyar da aka yi da man da ya kwana uku a kasko yana tafasa, hayaƙin keke napep da na janareta yana shiga musu hanci. Na san dariyar da zai yi, irin wadda yake dafa gwiwa. Shi bai taɓa sayar wa kowa begen dawowar ƙuruciya ba. Abin da yake cewa bai wuce a bar taba, a ci ganye, a yi tafiya da ƙafa, a daina gasa kai a rana ba dalili. Kuma ina jin da zai yi kewar bishiyoyin mangwaron da aka sare wajen Tirwun aka yi fulotai, domin can yake zuwa da kekensa ran Asabar. Ni abin da na fi kewa shi ne mutumin da zan kai wa tambaya ba tare da jin kunyar jahilcina ba. Tun da ya tafi ban sami wani ba.

Bana, bayan ƙaramar salla, likita ya duba ni ya ce yanar ido ce ta fara rufe mini ido biyun. Za a yi aiki, amma bai yi mini alkawarin ƙananan rubutu ba. Da na dawo gida na sauko da gafakar daga saman kabad, karo na farko cikin shekaru masu yawa. Abin da na gani ya sa na zauna a ƙasa. Takardar ta yi ja kamar busasshen ganye, gefenta yana karyewa idan an taɓa. Tawadar ta koma ruwan ƙasa, kuma duk inda alƙalami ya danna, ta cinye takardar ta bar huda. Na ɗaga warƙa ɗaya saitin taga, haske yana fitowa ta cikin kalmomin. Abin da ya yi shekaru yana koya mini ne yake aiki a kan maganarsa, ƙarfe da iska, a hankali, ba hutu. Kuma rubutun gaggawa ne, da gajerce-gajercen da ni kaɗai na san su. Tsakanin idona da takardar, ban san wanda zai riga wani tafiya ba. Ko wanne ya riga, Hannatu ta rasa muryar ubanta ke nan, kuma ni na hana ta.

Ladi ce ta nemo ta, ta wajen wata mai sayar da kayan miya da suke coci ɗaya. Ashe tana nan cikin garin nan, tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, tana zaune a Gwallameji da mijinta da 'ya'ya uku. Uwarta ta rasu, Baba Yohanna ma haka. Ran wata Asabar da safe na hau keke napep, gafakar a kan cinyata.

Ta gane ni tun daga ƙofa. Ta durƙusa ta ce, "Baba Malam, kai ne?" Goshin ubanta ne sak, har da yadda yake karkatar da kai idan yana saurare. Bayan gaisuwa da ruwa, na ajiye gafakar a kan tabarma na fara neman inda zan kama. Ta riga ni. Ta ce ta san da ita. Baba Yohanna ya gaya mata kafin ya rasu cewa akwai wata takarda a hannun malamin Ƙofar Ran, shi ya mayar da ita, kuma abin ya tsaya masa a rai. Ta ce sau da yawa ta bi ta bakin layinmu, ta kasa shigowa. "Tsoro nake ji, Baba Malam. Idan gaskiya ne ya sauya, to mun binne shi ba yadda yake so ba. Idan kuma na bar ta a rufe, babana yana nan yadda na san shi."

Na jawo gafakar. Na buɗe, na kusantar da warƙar farko ga idona, na ce mata layin sama nawa ne, sabo ne na hannu. Sannan na karanta: "Hannatu, ni ne babanki. Yau za mu fara da dalilin da ya sa ƙusa take tsatsa."

Sai ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba sai da ta ɗago na ga duka biyun ne. Ta ce, "Kimiyya ce? Duk shekarun nan darasin kimiyya nake gudu?" Na ce ni kuma darasin kimiyya nake ɓoyo. Mijinta ya leƙo ya ga tsoho da matarsa suna share hawaye suna dariya, ya koma ciki ya bar mu.

Asabar huɗu muka yi. Ina karantawa, tana rubutawa da boko, wayarta tana naɗar muryata. Inda tawada ta huda takarda, wani wurin na tuna, wani wurin ita ta cike daga iliminta, wani wurin kuma ya tafi, ta ja layi ta bar shi fili. A warƙa ta ashirin da wani abu ta ajiye biro ta ce, "Nan Baba ya ɗan zarce." Ta bayyana mini cewa masana yanzu suna ganin wannan tsatsa ta jiki ɗaya ce daga cikin hanyoyin tsufa, ba ita kaɗai ba, kuma jiki da kansa yana amfani da kaɗan daga waɗannan ƙwayoyi wajen yaƙar cuta da aika saƙo tsakanin sassansa, shi ya sa cika ciki da kafso bai zama maganin tsufa ba. Na tambaye ta ko za ta gyara maganar tasa. Ta ce a'a, za ta bar tasa yadda take, ta rubuta tata a ƙasa. Na san da yana nan da ya fi kowa murna, domin bai taɓa jin daɗin ɗalibin da ba ya ja da shi ba.

Idan na auna abin da ya rage na Malam Bitrus, ba shi da yawa a ido. Gidan da ya yi haya an rushe shi an yi shaguna. Takardun, ko an killace su, ba za su kai jikokinta ba. Wani ɓangare na iliminsa ma zamani ya wuce shi. Amma na ga mace tana tsayawa a kan magana tana tambayar "da me", kamar yadda ya tsaya a kaina, na ji kuma tana yi wa 'ya'yanta bayani da abin da ke cikin kicin ɗinta. Al'amarinsa yana hannun Ubangijin da ya halicce mu duka. Abin da na shaida shi ne ya kasance maƙwabci na gari, bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Warƙar ƙarshe ba darasi ba ce, kuma Allah ya kiyaye ta, huda biyu kawai ke jikinta. Ya ce mata kada ta ji haushin tsufa idan ta gan shi a fuskar uwarta, ko wata rana a tata, domin ba a samunsa sai an yi numfashi mai yawa, shi kuma da an ba shi zaɓi, da ya so ya tsufa sosai yana kallonta. Na karanta har ƙarshe. Na tattara warƙoƙin na mayar cikin gafaka, na ɗaure igiyar, na miƙa mata da hannu biyu. Na ce, "'Yata, amanar ubanki ce. Na makara da ita, ki yafe mini."

Ta karɓa ta ɗora a kan cinyarta, ta dafa ta da tafin hannu. Ta ce, "Ta iso, Baba Malam. Ka sauke."